Sharhi: kallon tseren Talladega na 1987 a rumbun tsofaffin bidiyon NASCAR

A 2023, shekarar da NASCAR, hukumar da ke shirya tseren motoci a Amurka, ta cika 75 da kafuwa, ta buɗe rumbun bidiyo mai suna NASCAR Classics, inda ta zuba tsofaffin tsere sama da dubu ɗaya, kyauta, babu talla. Wanda na zaɓa na kalla daga farko har ƙarshe shi ne Winston 500 na ranar 3 ga Mayu, 1987, a filin Talladega da ke jihar Alabama ta Amurka. Ya cancanci kallo. Amma wanda ya shiga bai san abin da ya faru a gwajin gudu na kwana uku kafin ranar ba, rabin labarin zai wuce shi, domin faifan na tseren ne, ba ya kawo gwajin ɗungurungum.

A wancan zamani, a gwajin da ake tantance wa zai tsaya a wane layi, mota ɗaya ake saki ita kaɗai a fili, ta yi zagayenta, a ɗauki lokaci. Babu wata a gabanta da za ta tsaga mata iska. Ranar 30 ga Afrilu Bill Elliott, mutumin Dawsonville a jihar Jojiya, ya shiga da Ford Thunderbird mai lamba 9 ya kewaye filin mai tsawon mil 2.66 cikin daƙiƙa 44.998. Wannan shi ne mil 212.809 a awa, wato kilomita 342 da 'yan kai. Kuma matsakaicin gudun zagayen ne gaba ɗaya, har da kwana, ba ƙololuwar gudu a miƙe ba. Har yau babu wanda ya karya wannan tarihi a gwajin NASCAR, ba don direbobin yanzu sun gaza ba, sai don abin da ya auku a tseren kansa ya sa aka ɗaure wa motocin ƙafa.

Bobby Allison ne ya zo na biyu a gwajin da mil 211.797, ɗansa Davey na uku da 210.610. Idan ka mayar da lissafin zuwa lokaci, tsakanin Elliott da Bobby kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ne da ɗan ɗoriya. A irin wannan gudu mota na cin mita 95 a kowace daƙiƙa, don haka tazarar wajen mita 20 ce kacal a zagayen da ya haura kilomita huɗu.

Ta yaya mota mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi take kai wa nan? Injin V8 ne mai girman lita 5.8, da kafireta mai maƙogwaro huɗu, babu turbo, babu kwamfuta, yana ba da ƙarfin doki sama da 600. Injin Elliott wansa Ernie ne yake haɗa shi. Filin ma yana taimakawa: kwanonin Talladega a karkace suke digiri 33, saboda haka direba ba ya ɗaga ƙafa daga totur ko kaɗan. Sai dabarun da ba sa aiki sai a gwaji. Ana liƙe gaban mota da salatif, a rufe kusan duk inda iska ke shiga lagireto, don rage jan iska. Ruwan inji zai yi zafi, amma zagaye biyu ne, zai jure. Ana zuba baƙin mai mai ruwa-ruwa don rage gugar ƙarfe. A lokacin ma doka ba ta hana a sa inji na musamman domin gwaji kawai ba, a cire shi a mayar da na tsere. Sai a 2002 aka kawo dokar inji ɗaya. Wannan ne ya sa wanda ya ci gwaji ba lallai ya kai labari ranar Lahadi, ranar tsere, ba, kuma Elliott bai kai ba: injinsa ya lalace tun kafin a ƙarasa.

Wajen zagaye na 22 abin da kowa ke tunawa ya faru. Injin Buick ɗin Bobby Allison ya fashe a gaban manyan kujerun 'yan kallo, ɓaraguzan ƙarfe suka yanke tayar baya ta dama. Motar ta juya ta koma tafiya da baya. Bodin irin waɗannan motoci an ƙera shi ne ya danne ƙasa idan iska na zuwa daga gaba. Da zarar ta juya, iskar mil 200 ta shiga ƙarƙashin bayanta, sai ta ɗauke ta. Ta tashi sama ta daki shingen wayar da ke raba fili da jama'a, kusa da dakalin mai tuta, ta yage wani dogon sashe nasa, sannan ta faɗo cikin fili wasu motoci suka yi karo da ita. Igiyoyin ƙarfen da ke cikin shingen ne suka hana ta faɗawa cikin mutane. Wasu 'yan kallo sun ji rauni daga tarkace, shi kuwa Bobby ya fito da ƙafarsa.

A nan faifan ya fi kowane rubutu. Tashar ESPN ce ta watsa tseren, da muryar Bob Jenkins da Larry Nuber, kuma sun maimaita hatsarin a hankali. Ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da hayaƙi ya fito daga ƙarƙashin motar, sannan ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Za ka ga tayoyin baya sun rabu da kwalta tun motar ba ta gama juyawa ba. Gajeren yankin da ake yawo da shi a Facebook yakan fara ne daga tashin motar, ya yanke musabbabin.

An ɗaga jar tuta, wato an tsayar da tseren, fiye da awa biyu ana gyaran shinge. Talladega ba shi da fitilun dare, har gobe ma ba shi da su, don haka aka rage tseren daga zagaye 188 zuwa 178. Davey Allison, ɗan shekara 26, sabon shiga a shekarar, shi ya yi nasara da Ford mai lamba 28, kuma ita ce nasararsa ta farko a babbar gasar NASCAR. Terry Labonte na biyu, Kyle Petty na uku. Dale Earnhardt, wanda ya zo da nasara huɗu a jere a hannunsa, ya ƙare na huɗu.

Abin da ya fi burge ni a bayan jar tutar shi ne yadda ake wuce mota. Direba yakan lafe a bayan na gaba, inda iska ta yi sauƙi, injinsa ya samu sarari, sai ya zame gefe ya wuce da rarar gudun da ya tara. Motoci suna rarrabuwa gungu-gungu, mai ƙarfi yana iya tserewa ya bar saura. Wanda ya saba da Talladega na yanzu, inda mota 40 ke tafiya a dunƙule kamar garken tumaki a kan burtali, zai ga kamar wani wasan ne daban. Dalilin bambancin yana cikin wannan tseren: hatsarin Bobby ne ya sa aka rage gudun motoci. A sauran wasannin 1987 na Talladega da Daytona, ɗaya filin mai irin wannan gudu, aka tilasta ƙaramar kafireta. Daga 1988 aka kawo farantin alminiyam mai huda huɗu da ake sawa tsakanin kafireta da manifol, ya shaƙe iskar da ke shiga inji. Dubi tasirinsa a gwajin Daytona 500: Elliott ya yi mil 210.364 a 1987, Ken Schrader ya ci na 1988 da 193.823. An ci gaba da amfani da farantin har farkon 2019. 'Yan murafen da ke buɗewa a rufin mota idan ta juya baya, don su kashe iskar da ke ɗaga ta, sai 1994 suka zo.

Ka lura da wurin canza taya kuma. Motoci suna shigowa da gudunsu, makanikai na tsallake katanga babu hular kwano. Iyakar gudu a wurin sai 1991 aka sa ta. Haka idan aka ɗaga tutar rawaya, alamar a rage gudu saboda hatsari, direbobi na ci gaba da tsere har layin ƙarshen zagaye, al'adar da ba a daina ba sai 2003. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka suna karya doka ne.

Hoton na talabijin ɗin 1987 ne, mai kama da murabba'i, ba mai faɗi kamar na yanzu ba, launinsa ya ɗan kwanta. Kada ka ɓata data wajen ɗaga shi zuwa 1080. Asalin faifan bai kai nan ba, 480 ya isa. Babu jerin matsayi da ke gudana a gefen allo kamar yanzu, sai jifa-jifa ake nuna na gaba-gaba, saboda haka ka haddace lambobi kafin ka fara: 9 Elliott, 22 Bobby, 28 Davey, 3 Earnhardt, 11 Labonte, 21 Kyle Petty. Sharhin da Turancin Amurka ake yinsa, gudu kuma da mil ake faɗa. Ka ninka da 1.6 ka samu kilomita. A waya lambobin motocin da ke nesa ba sa karantuwa, gara kwamfuta ko talabijin. Za kuma ka ji ana kiran filin Alabama International Motor Speedway, domin sunan Talladega Superspeedway sai 1989 aka raɗa masa a hukumance.

Idan lokacinka kaɗan ne, ka kalli jerin layin farawa, zagaye 25 na farko, da 20 na ƙarshe. Idan ka samu sarari, ka ɗora da Daytona 500 na 1988, tseren farko na neman makin gasa da aka yi da sabon farantin, wanda Bobby Allison ya ci yana da shekara 50, Davey na biye da shi a na biyu.