Littafin Ranar Ɗaurin Auren Iyayena: Abin da Na Samu a Wani Shago a Fagge

Ba al'adarmu ba ce a Kano mutum ya riƙa ƙidaya shekarun auren iyayensa, shi ya sa da na tambayi Baba ranar da aka ɗaura aurensu, sai da ya dube ni da kyau kafin ya ce, "Lafiya dai ko?" Lafiya lau ce. Wani abokin aikina ne ya nuna mini ɗan littafin da aka haɗa masa a wani shago da ke Fagge, inda mutum zai ba da rana da wata da shekara, su kuma su tattaro masa labaran jaridu, da farashin kaya, da abin da jama'a suke kallo da saurare a wancan lokaci, su buga su ɗinke masa. Baba ya zaro wata takarda da ta yi ja daga cikin tsohuwar jakarsa ta fata, ya karanta mini: Juma'a, 5 ga Janairu 1973.

Shagon ƙarami ne, yana tsakanin wani tela da mai sayar da kayan rubutu, kuma mutum biyu ne a cikinsa. Akwai dattijo wanda ya ce ya yi shekaru yana jera haruffa a maɗaba'a tun kafin kwamfuta ta kashe wannan sana'a, sai jikansa, wanda shi ke zaune gaban kwamfuta. A bayansu an jibge ɗaurin jaridu har kusa da rufi, New Nigerian da Daily Times da Gaskiya Ta Fi Kwabo, kowane ɗauri da igiya da guntun kwali mai ɗauke da shekararsa. Na gaishe da dattijon na ce, "Baba, kuna da jaridar wannan ranar kuwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ba kowace rana gara ta bar mana ba, amma zauna mu duba." Ya sa jikan ya sauko da ɗauri biyu, ya lashi yatsa yana buɗewa a hankali, har ya samo New Nigerian ta wannan mako. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa, da yake ba kullum take fitowa ba, sai ya ɗauki fitowar da ta fi kusa, kuma ya faɗa mini haka tun kafin in biya, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Mun daidaita a kan Naira 20,000 don littafi mai shafi 24, na ba da rabi kafin alƙalami. An yi mini alkawarin kwana goma, amma sai da na yi sawu uku cikin mako uku kafin ya fito, kullum dalilin rashin wuta.

Babin kuɗi shi ne mafi kyau a littafin, kuma sa'a muka taka, domin kwana huɗu kacal kafin wannan aure, wato ranar 1 ga Janairu 1973, Nijeriya ta bar fam da sule ta koma Naira da kwabo. Sun kawo hotunan sababbin takardun kuɗin, na kwabo 50 da Naira 1 da 5 da 10, da tsabar rabin kwabo da kwabo 1 da 5 da 10 da 25, sannan dattijon ya rubuta bayanin canjin da kansa. Fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sisi kwabo biyar, taro kuwa kwabo biyu da rabi. Inda rikicin yake shi ne, tsohon sule kwabo goma sha biyu ne, sabon kuma goma, alhali sunan kwabo bai sauya ba, don haka mai saye da mai sayarwa sukan tsaya suna gardama kowa da lissafinsa. Baba yana karanta wannan shafi sai ya cire tabarau ya ce da fam aka ambaci sadakinsu a gaban shaidu, fam goma, domin babu waliyyin da zai yarda a ɗaura auren 'yarsa da kuɗin da bai cika mako guda a duniya ba. Umma kuma, wadda ba ta ambatar sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce wa ƙanwata, "Faɗa wa yayanku kakata ma ƙin karɓar sabon kwabo ta yi a cinikin ƙuli-ƙulinta, wai bai da nauyi." Wannan ne karo na farko da na ji labarin. Har yau idan dillali a kasuwa ya ce jaka guda yana nufin Naira 200, tsohon lissafin fam ɗari yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Babin labarai ma ya yi armashi, domin hotunan ainihin shafukan jaridun aka ɗauka, ana iya karanta kanun har da tallace-tallacen da ke gefe. Janar Yakubu Gowon ne shugaban ƙasa, jihohi goma sha biyu ne, Audu Bako ne gwamnan Kano yana tsakiyar aikin madatsar ruwa ta Tiga, Alhaji Ado Bayero yana shekararsa ta goma a kan gadon sarauta, Malam Aminu Kano kuma yana kwamishinan lafiya na tarayya. Jaridun Legas sun cika da shirin gasar wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu, wadda aka buɗe ranar 7 ga watan. An tuna mana cewa direbobi ba su cika shekara da komawa tuƙi a hannun dama ba, tun Afrilun 1972. Labaran ƙetare dai sun ci wuri fiye da kima, shigar Ingila kasuwar tarayyar Turai da tattaunawar sulhun Biyetnam a birnin Faris, waɗanda Baba ya tsallake ba tare da ya duba ba.

Akwai abu guda da dattijon ya yi wanda ya nuna hankali. Kafin a buga, ya kira ni ya ce a cikin wannan wata, ranar 22, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya faɗi a filin jirgin saman Kano, mutum 176 suka rasu, kuma ba zai sa wannan a littafin da za a miƙa wa dattawa a matsayin kyauta ba sai na amince. Na shawarci Baba, ya ce a sa, domin sati biyu da 'yan kwanaki bayan aurensu duk garin zaman makoki ya koma, kuma littafin da ya ɓoye wannan bai faɗi gaskiyar watan ba. An sa shi a rabin shafi, babu hoto, da addu'a a ƙasa.

Inda aikin ya yi rauni shi ne babin farashi, wanda kuwa shi ne yawancin masu zuwa shagon suka fi ɗoki. Jeri ne kawai na kaya da kuɗinsu, ba a faɗi inda aka samo shi ba, kuma da gani daga intanet jikan ya kwaso. An auna kayan da kilo da lita, alhali matar aure a cikin birni da mudu da tiya da kwalba ta san cefane. An kawo garin rogo da doya da burodi, amma babu gero, babu dawa, babu man gyaɗa, babu daddawa, wato farashin Legas ne aka ɗora wa Kano. Mafi muni kuma, ba a nuna abin da mutum yake samu a wata ba, saboda haka yaron da ya karanta zai ɗauka a Aljanna aka zauna. Baba ya ce, "Kowa sai ya ce da akwai araha. Araha kam akwai, amma kuɗin fa a hannun wa suke?" Ya ƙara da cewa daminar 1972 ba ta yi kyau ba, ta 1973 ta fi ta muni, hatsi ya yi tsada, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta kwararowa Kano daga arewa, dalar gyaɗa kuma ta fara ja da baya. Ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati na Udoji da ake yawan labari sai bayan kusan shekara biyu ya zo. Babu ko kalma ɗaya a kan farin a littafin, duk da cewa shi ne ya fi kowane abu tasiri a kan kuɗin mudu a wannan shekara.

Na kuma tsinci kurakurai huɗu waɗanda bai kamata su wuce idon mai wannan sana'a ba. An manna hoton takardar Naira 20 mai fuskar Janar Murtala Muhammed, wadda sai a 1977 ta fito, bayan rasuwarsa. Taswirar jihar Kano ta yau aka sa, ba tare da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse ba, alhali sai a 1991 aka cire Jigawa. An kira filin jirgi da sunan Malam Aminu Kano a lokacin da yake raye yana aiki, domin a 1983 ya rasu. An kuma rubuta Jami'ar Bayero, wadda a lokacin Kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ban da waɗannan, duk shafukan da jikan ya buga babu haruffa masu lanƙwasa, sai mai karatu ya yi ta lalube tsakanin ƙasa da kasa, abin da ke da ciwo a littafin da ya fito daga hannun tsohon ma'aikacin maɗaba'a.

Babin nishaɗi ya faranta wa Baba rai, ya bar Umma a waje. An jero gidajen sinima irin su Rex da Plaza da Orion da El Dorado da Palace, an yi bayanin cewa yawancinsu babu rufi, sai duhu ya yi ake fara nuna fim, na Indiya ko na kaboyi, kuma a irin wannan sanyi na hunturu sai mutum ya tafi da mayafi. Baba ya amsa laifinsa a gaban jikoki cewa ya sha zuwa a ɓoye, domin a wancan zamani ɗan mutunci ba ya son a gan shi a bakin sinima. An ambaci dambe da kokawa, da faifan garmaho, da Rediyon Kaduna inda ake jiran shirin Zaɓi Sonka da muryar Mamman Shata. Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita ba ta taɓa taka sinima ba, kuma ba ta ga gaɗar dandali ba, ba ta ga kiɗan ƙwarya da aka kwana ana yi a bikinta ba, ba ta ga jeren kwalla da fanteka da gado mai rumfa da aka yi mata ba. Gaskiyarta ce. Jaridun wancan lokaci maza ne suka rubuta su don maza, kuma shagon bai yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ba, ko da ta hanyar tambayar tsohuwa guda a unguwa.

Da na koma da ƙorafina, jikan ya so ya yi musu, yana cewa haka ya gani a intanet, amma kakansa ya ɗaga masa hannu, ya karɓi littafin, ya bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ya ce, "Ɗana, ka yi gaskiya, laifina ne da ban duba aikin yaro ba." Sun sake buga shafi huɗu ba su karɓi ko kwabo ba, amma babin farashi yana nan yadda yake, sai dai an ƙara masa layi guda da ke cewa na Legas ne. Takardar tana da kauri, ɗinkin zare ne ba manne ba, kuma ya jure hannun jikoki goma sha ɗaya a yini guda.

Wanda zai je, ya nemi a nuna masa jaridar ranar da idonsa kafin ya ba da kuɗi, ya roƙi dattijon ya duba aikin da kansa, kuma kada ya sa ranar da zai miƙa kyautar kusa da ranar da aka yi masa alkawari. Idan ranar ta gabaci 1966, shekarar da aka fara buga New Nigerian, ɗaurin jaridunsu ba su da yawa, kuma jikan ne zai cike sauran. Baba ya riga ya sake aikena da wata ranar, wadda ya sayi kekensa na farko, Raleigh baƙi, sai dai shekarar kawai yake iya tunawa, dattijon kuma ya ce ba ya karɓar aiki da shekara kaɗai.