Mutum-mutumin bulo mai rikiɗa: abin dubawa kafin ka fitar da kuɗinka a Zariya

Da Sallar da ta wuce na shiga kasuwar Sabon Gari neman abin da zan kai wa ɗan yayata, wanda ya isheni da maganar mutum-mutumin da ake ginawa da 'yan bulullukan roba, mai komawa mota. Mai shago ya ciro wani kwali mai ƙyalli ya ce, "Malam, wannan ake yayi, in ka so mutum, in ka so mota." Yini biyu muka yi a kan tabarma muna harhaɗawa. Da aka gama yaron ya ce, "To Kawu, ya koma motar mana." Ashe sai an wargaza shi kaf an sake gini daga farko.

Saboda haka tambayar farko ita ce: naɗe shi ake yi ya rikiɗa, ko rushe shi ake yi? Juya bayan kwalin. In ka ga hotuna a jere da kibiyoyi, hannu yana shigewa ciki, kai yana ɓuya, to mai rikiɗa ne. In hotuna biyu ne kawai, ga mota ga mutum, na rushewa ne. Ko a wurin LEGO, kamfanin da ya yi suna wajen yin irin waɗannan bulullukan, duk wanda aka rubuta wa Creator 3in1 haka yake. Akwai ƙarami mai lamba 31124, bulo guda 159 ne, yana ba da mutum-mutumi ko dodo mai fukafukai ko jirgin sama, ɗaya bayan ɗaya. Ga yaron firamare ba laifi, muddin ka gaya masa gaskiya tun a shago.

Mai rikiɗa na sosai daga wannan kamfani na ƙasar Denmak shi ne Optimus Prime, lamba 10302, da ya fito a 2022 da guda 1,508. Tsayinsa ya kai santimita 35, kuma yana naɗewa ya koma kan tirela ba tare da an sake gini ba. A 2024 aka fitar da wani mai rikiɗan, Bumblebee, lamba 10338, mai guda 950. Kusan dala 170 aka sa wa na farkon lokacin da ya fito, kai ka lissafa da canjin yau, ka ɗora kuɗin kawowa, don ni dai ban taɓa cin karo da shi a shagon Zariya ba. An rubuta na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, gwiwarsa ma ba ta lanƙwasa. Na ajiyewa a kan kanta ne, ba na yaran da za su yi dambe da shi a tsakar gida ba.

Na China su ne aljihun yawancinmu zai ɗauka. Masu suna irin su Sembo da Sluban da Qman suna bin awo ɗaya da LEGO, wato milimita 8 daga tsakiyar ɗan tudun saman bulo zuwa na kusa da shi, shi ya sa ake iya cakuɗa su. Wanda nake gudu shi ne kwalin da babu sunan kowa a jikinsa, irin wanda na saya. In mai shago ya yarda a buɗe, haɗa bulo biyu ka girgiza. In sun rabu da kansu, ko kuwa sai ka sa haƙori kafin su rabu, mayar masa da kayansa.

Ni a ganina gwanjo ya fi duka, ga mai haƙuri. Wani lokaci masu kayan wasan yara na gwanjo sukan samu bulo a leda, a cakuɗe. Na asali za ka ga an rubuta LEGO a kan kowane ɗan tudu. Amma kada yawan bulo ya ruɗe ka, gaɓoɓi za ka tona ka nema, don su ne ran abin. Akwai mai ƙwallo, mai juyawa ta ko'ina kamar kafaɗar mutum: ta yi daidai da wuya da wuyan hannu, sai dai ba ta ɗaukar nauyi, in ka sa ta a ƙugu gangar jikin za ta dinga sunkuyawa kamar mai gyangyaɗi. Akwai mai haƙora, wadda ke ƙara ƙas-ƙas in ana lanƙwasa ta tana tsayawa inda aka bar ta. Ita ce ta ƙugu da gwiwa, ko guda huɗu ka samu a leda ka ci riba. Sai 'yan ƙusoshin roba da ake haɗa sassa da su, na nau'in LEGO da ake kira Technic: baƙaƙen suna riƙewa gam, ruwan tokan suna juyawa sakaka, su dace da taya.

Mai son ƙirƙiro nasa ya fara da siffar motar, sannan ya duba me zai zama ƙafa, me zai zama ƙirji. Akasin haka yakan ƙare da mota mai hannuwa a waje. Manhajar Studio ta shafin BrickLink kyauta ce, kana iya gwada ginin a kwamfuta kafin ka sayi ko guda ɗaya.

Bulon gwanjo a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, kada zafin ya wuce digiri 40, a shanya a inuwa, don rana tana mayar da fari ruwan ɗorawa. Ƙurar hunturu kuwa in ta shiga gaɓa mai ƙwallo cin ta take yi har ta saki, gara a rufe shi a cikin roba mai murfi. Gidan da ke da mai rarrafe a yi hattara, ƙananan suna wucewa ta maƙogwaro.

Na ɗan yayata dai yanzu gauraye ne: jikinsa daga kwalin Sabon Gari, ƙugu da gwiwoyi daga ledar gwanjo. Yana naɗewa ya koma wani abu mai taya huɗu da yaron ya rantse motar kashe gobara ce.