Kocin Besbol a Amurka: Jami'a ko Ƙananan Kulob?

Ɗan wasan besbol da ya ajiye sanda a Amurka, in yana son zama koci, daga cikin hanyoyin da ke gabansa akwai biyu: jami'a, ko ƙananan kulob da ke ƙarƙashin manyan ƙungiyoyin MLB, babbar gasar besbol ta ƙasar.

A jami'a koci ne mai wuƙa da nama. Shi ke yawo makarantun sakandare yana zawarcin yara, ya lallashi iyayensu, ya kuma sa ido kan karatunsu. Wasanni ba sa wuce 56 kafin gasar ƙarshe, burin kowa kuma ya kai Omaha ta jihar Nebraska, inda ake fidda zakaran jami'o'i tun 1950. Wannan hanya shahararren ɗan wasa Tony Gwynn ya bi: bayan kaka 20 yana wasa a ƙungiyar San Diego Padres, ya koma tsohuwar jami'arsa, San Diego State, yana aikin koci har rasuwarsa a 2014.

Ƙaramin kulob kuwa aikin riƙo ne. Wanda aka turo maka shi za ka horar, da ya fara gogewa a ɗauke shi zuwa sama. Ga wasanni 150 a matakin Triple-A, mafi girma a ƙananan kulob, ga yawan tafiye-tafiye.

Ni dai jami'a zan zaɓa, duk da ciwon kan zawarcin.