Boga ce ko burga? Mun je mun ci, ga abin da muka tarar

'Yata ce ta ja ni wani gidan boga. Sati biyu cur tana bi na da waya: "Abba kalli, Abba dubi yadda cukun nan yake narkewa." Wai duk 'yan ajinsu sun je sun ɗauki hoto sun saka a Instagram, ita kaɗai ta rage. Ranar Asabar bayan la'asar na ce to ku shirya, ni da ita da ƙaninta da mahaifiyarsu. Hajiyata ta ce ba da ita ba, amma kafin mu fita sai da ta tsare ni da tambayar da na san mutane da yawa suna yi a zuci: "Wai wannan hamboga ba naman alade ne a ciki ba? Na ji an ce ham ɗin nan alade ne." Na yi mata bayani cewa sunan daga Hambug ya samo asali, wani birni mai tashar jiragen ruwa a Jamus, kuma asalin abin da naman sa ake yin shi. Ta ce ko ma dai mene ne, ita a taho mata da tsire.

Wurin yana cikin Nasarawa GRA a nan Kano. Ba zan kama suna ba, tunda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma masu shi sabbin shiga ne. Tun daga bakin titi za ka san ka iso: motoci sun cinye rabin hanya, 'yan adaidaita sahu suna sauke 'yan mata, masu kai saƙo a babur sun yi layi da akwatunansu a baya. Sai da na zagaya sau biyu kafin wani mai gadi ya samar min gurbi a jikin katangar maƙwabta.

Ciki kam ba laifi, akwai sanyi, akwai tsafta, fitilu ko'ina. Tsarin shi ne ka fara biya a kanta, a ba ka 'yar takarda mai lamba, ka nemi wurin zama ka jira a kira. A nan aka fara samun matsala. Na'urar POS ɗinsu ta ƙi aiki, sai kowa ya koma tiransifa, yarinyar da ke kanta kuma ba ta sakin takarda sai ta ga alat a wayar shago. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya iya wannan zaman jiran, har mai shayi, amma mai shayi mutum uku ne a gabansa, nan kuwa mun fi ashirin a tsaye. Minti goma sha biyar na yi kafin a karɓi kuɗina. Lambarmu 84, a lokacin ana kiran 61.

Muna zaune aka kira magariba. Zan yaba musu a nan: sun ware wuri a gefe da tabarmi da butoci da famfo mai ruwa, na mata daban, abin da gidajen abinci da yawa masu tsada ba sa tunawa da shi. Abin da ba su tuna ba shi ne wanda ya tafi salla ba zai ji kiran lamba ba. Mun dawo muka tarar an wuce mu, rabin abincinmu yana ajiye a kan kanta, rabin kuma ba a ma ɗora ba. Daga biyan kuɗi zuwa lomar farko, awa ɗaya ba minti biyar.

Amma jiran ya yi min rana ta wani ɓangaren, domin madafar tasu gilashi ne ya raba ta da mu, na tsaya na kalli yadda ake yi. Yaron yakan ɗauko curin niƙaƙƙen nama kamar girman lemon zaƙi, ya jefa kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ya danne da wani faranti har ya baje, ya barbaɗa gishiri, sannan ya ƙyale shi. Ba ya juyawa sai gefen ya yi ja ya fara ƙamewa. Wannan ɓawon da ke kamawa a ƙasa shi ne daɗin abin gaba ɗaya, irin daɗin da ke gefen balangu inda wuta ta lasa. Na tambaye shi wane ɓangaren sa suke niƙawa, ya ce, "Alhaji, tsoka ce muke haɗawa da tozo." Nan na san akwai wanda ya yi tunani a gidan. Shanunmu na kiwo ne masu yawo, namansu ba kitse sosai, in ka niƙa tsoka zalla ka gasa sai ta fito a bushe kamar ƙanzo. Tozon ne yake ba shi maiƙo da laushi. Duk mahauci ya san wannan, ba kowane mai boga ne ya sani ba.

To bogar naman san da ta zo da zafinta, ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Burodin mai laushi ne da riɗi a samansa, an ɗan gasa cikinsa a kan ƙarfen don kada romo ya jiƙa shi. Naman yana da ɗanɗano, kana cizawa maiƙon yana gangarowa a yatsu. Cukun irin rawayan nan ne na leda, ba shi da alaƙa da cukun da ake kawo mana daga Agadas sai suna, amma ya narke ya manne da naman yadda ya kamata. Inda suka ɓata shi ne bama. Sun labta ta kamar ba da kuɗi suka saya ba, har ta danne albasa da tumatir, latas ɗin kuma ya yi laushi a cikinta. Sannan babu yaji ko kaɗan. Na kira wani yaro na ce, "Samari, ba ku da yaji ne a gidan nan?" Ya yi dariya ya ce babu a tsari, amma bari ya duba. Sai ga shi da ɗan ƙulli a leda, ashe nasu ne na ma'aikata da suke ci da shi a baya. Ina barbaɗawa abin ya tashi daga daɗi zuwa daɗi sosai. A Kano kake sayar da gasasshen nama, ma'aikatanka da kansu suna ɓoye yaji a aljihu, ai amsa tana gidanka.

Uwargida ita ce ta yi rashin sa'a. Sanwicin kaza ta zaɓa, shi ne kuma ya zauna a kanta yana jiranmu. Ya huce, burodin ya jiƙe ta ƙasa ya bushe ta sama, kazar ƙirji ce zalla an soya ta har ta zama zare-zare. Ta ci rabi ta ture, ta ce burodi da ƙwan mai shayin bakin layinmu ya fi shi, ko banza shi a gabanka zai soya ya miƙo maka da zafi. Ban musa ba, na ɗanɗana. Soyayyen dankalin ma bai burge ba. Dankalin turawa ne mai kyau irin na Jos, amma suya ɗaya aka yi masa aka tara a kwando, ya yi laƙwas ya sha mai. Mai son ya yi ƙaras-ƙaras sau biyu yake soyawa, na farko a wuta kaɗan ya dahu, na biyu a mai mai zafi in an zo ci. Da wannan cunkoson na ga ba su da lokacin haka. Zoɓonsu dai mai kyau ne, da citta da kanumfari, ba a cika sukari ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi yana can ƙasan allon farashi, da ƙananan haruffa: gurasa da nama. Ni na zaɓe shi don ya fi araha, 'yata har tana cewa, "Haba Abba, ka zo har nan ka ci gurasa?" Gurasa ce ta tanderu, irin wadda matan Jakara suka shahara da ita, aka tsaga ta biyu aka ɗumama a kan ƙarfen da aka gasa nama, ta shanye maiƙon. A ciki naman bogar ne dai, sai albasa da tumatir da kabeji da garin ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, babu bama babu cuku. Kamar bandashe ne ya shiga makarantar boko. Gurasar tana da ƙarfin riƙe romo, ba ta dagargajewa a hannu yadda burodin boga yake yi in ka kai rabi. Yarinyar da ta raina ta ita ta fara kai hannu, kafin in ankara uwa da 'ya'ya sun raba min ita uku. Na duba teburan da ke kewaye da mu, ban ga ko mutum ɗaya da ita ba, balle a ɗauke ta hoto.

Sai maganar kuɗi. Boga biyu naira 15,000, sanwici 6,000, gurasa 4,000, dankali biyu 5,000, zoɓo huɗu 6,000. A lissafina 36,000 ke nan, amma aka ce in biya 38,700. Harajin VAT ne na kashi 7.5 cikin ɗari, halastacce ne, ba su ƙirƙire shi ba, sai dai ba a rubuta a allo cewa farashin bai haɗa da shi ba, kuma na ga wani saurayi da budurwarsa ana wannan ja-in-ja da shi a kanta, kunya ta rufe shi. A rubuta kawai. Na san abin da ke tura farashin sama: janareto yana ruri tun da muka zo har muka tafi, fulawa daga alkamar waje ake yin ta, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya bi sahu. Duk da haka, cin abinci ɗaya na mutum huɗu ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kuma ba wanda ya tashi yana cewa ya ƙoshi taf.

Zan koma? Zan koma, amma ba Asabar ba, ba kuma gab da magariba ba. Ranar Talata da rana, ni kaɗai, da tsabar kuɗi a aljihu da ƙullin yajina, gurasa biyu. Wanda zai je da iyali ya tura mutum ɗaya ya fara bin layi, kuma ya bar sanwicin kaza sai sun gyara.

A hanyar gida na tsaya wajen mai tsirenmu na saya wa Hajiya na dubu uku. Kafin mu kai ƙofar gida yaran sun cinye fiye da rabi a bayan mota, dole na juya na ƙaro.