Lakwal da makarantar allo a Damagaram: ina yaro ya fi sakewa?

A lakwal, wato makarantar boko, daga CI (ajin farko) har CM2 (ajin ƙarshe na firamare), shekara 6 ke nan, aji guda tafiya guda. Yaron da ya gane darasi tun mushe, wato malamin lakwal, bai rufe baki ba sai ya zauna jiran saura, gundura ta sa shi tsokana. Wanda hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya kuwa a kira shi marar ji, alhali zaman benci ne ya fi ƙarfinsa.

Makarantar allo a unguwar Birni ko Zango daban take: kowa da allonsa, wanda ya haddace ya wanke, malam ya yi masa ƙari. Nan mai basira ya samu fili. Amma mai raunin natsuwa fa, hayaniyar karatu da dorinar gardi ƙara rikita shi suke.