Gubar dalma a Zamfara: gwajin jini ko waƙar faɗakarwa?

A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, galibi a Anka da Bukkuyum. Bincike ne ya gano bakin zaren: aka gwada jinin yara da ƙasar tsakar gida, sai ga dalma a ƙurar dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje. Ba don haka ba, da wasu iska za su ɗora wa laifi.

Sai dai takardar sakamako ba ta wuce zaure. Waƙar rediyo kuwa tana iske uwa tana tankaɗe, ta roƙe ta kada a daka dutse a turmin dawa.

In kuɗin na abu ɗaya ne, ni gwaji zan fara kai wa Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Anka da gubar ta shafa.