Wata shida ina cin burodin Great Harvest

Maƙwabciyata ce ta fara jana zuwa gidan burodin Great Harvest a garin da nake karatu a Amurka, bayan ta gaji da mitar da nake yi kan burodin kanti, wanda in ka matse shi a hannu sai ya koma kamar auduga. Muna shiga, ko gaisawa ba mu gama ba, matar da ke tsaye bayan kanta ta yanko min burodi mai kaurin tafin hannu, da ɗuminsa, ta nuna min man shanu a gefen katakon yanka. Na fara laluben jaka. Ta yi dariya ta ce kyauta ne, kowa ya shigo sai an ba shi, ya saya ko bai saya ba. Na ɗauka dabarar ranar ce kawai. Yau wata shida ke nan, ban taɓa shiga na fito baki a bushe ba.

Wanda na fara ɗanɗanawa shi ne suke kira Honey Whole Wheat, kuma har yanzu shi na fi saya. Abu biyar ne a cikinsa: garin alkama, ruwa, yis, gishiri da zuma. Curi ɗaya ya kai kusan kilo, in ka ɗauka sai ka ji shi a hannu. Yanka biyu da shayi da safe sun riƙe ni har azahar.

Abin da ya sa na manne musu shi ne garin. Ba buhun fulawa ake kawo musu ba, tsabar alkama ake saukewa, su niƙa da kansu a cikin shagon da injin dutse, kullum. Ba a cire dusa, ba a cire ƙwayar cikin nan mai maiƙo wadda masu fulawa ke fitarwa don gari ya daɗe a ajiye. Duk wanda ya taɓa cin tuwon da aka kai niƙansa inji da safe aka tuƙa da yamma, ya kuma ci na garin da ya yi wata a roba, ya san abin da nake nufi. Ƙamshin nan na sabon niƙa shi ne na ji a burodin, har ya tuna min da funkason alkamar da kakata ke yi da sallah. Alkamar kuwa daga jihar Montana take zuwa, daga yankin da ake kira Golden Triangle, inda ake noman alkama mai ƙarfi da yawan furotin, irin wadda ƙullinta ke tashi da kyau ko da dusa a ciki.

Can Montana ɗin ne ma asalin kamfanin. Wasu mata da miji, Pete da Laura Wakeman, waɗanda suka fara gasa burodi suna sayarwa tun suna ɗalibai a Jami'ar Cornell, su suka buɗe shago na farko a garin Great Falls a 1976. Bayan shekara biyu, a 1978, aka buɗe na biyu a Kalispell, wanda shi ne na farko da wani daban ya mallaka da sunansu. Daga baya ofishin kamfanin ya zauna a Dillon, wani ɗan ƙaramin gari, kuma a 2001 ma'auratan suka sayar da shi.

Tsarin mallakar ya ba ni mamaki. Galibin gidajen abincin Amurka masu rassa, in ka shiga ɗaya ka shiga duka, daga kalar bango har girman cokali. Nan ba haka ba ne. Mutum zai biya kuɗin izinin amfani da suna, a koya masa niƙa da kwaɓi, ya riƙa ba kamfani wani kaso daga cinikinsa, ya kuma sayi alkama daga inda suka amince. Sauran kuwa nasa ne: yadda zai ƙawata shago, irin burodin da zai gasa, farashi, har lokacin buɗewa. Na gani da idona lokacin da na je hutu wata jihar na shiga wani reshensu. Burodin zumar ɗaya ne, amma komai na shagon daban, can har da kujeru da gahawa da abincin rana, alhali namu ɗan ɗaki ne da babban teburin katako a tsakiya, inda ma'aikata ke tsaye suna murza ƙulli da hannu, kana layi kana kallonsu.

Saboda kowane curi ranar ake yinsa, ba kowane iri ake samu kullum ba, akwai jadawalin mako a manne a bango. Wanda nake fako shi ne Dakota, mai 'ya'yan kabewa, da riɗi, da 'ya'yan furen rana, da gero. E, gero. Ranar da na gane shi a jikin ɓawon burodi sai da na ɗauki hoto na tura gida.

Kuɗinsa ya fi na burodin kanti, wannan gaskiya ne, amma curi ɗaya yana kai ni mako. Ni burodi kawai nake saya, in kuma sabon iri ne ina tambayar abin da ke ciki, su kuma suna nuna min takardar ba tare da ɓata rai ba.

Kuskure biyu na yi da farko, duka laifina ne. Na ƙulle shi a leda da zafinsa, ya yi gumi ya jiƙe. Na biyu kuma na sa shi a firji, washegari ya bushe ya yi tauri. Yanzu sai ya huce sarai nake ɗaure ledar, in bar rabi a kan tebur, rabin kuma in yayyanka in jefa a firiza, in riƙa ciro yanka biyu-biyu ina gasawa.